Sarauniya Amina ta shiga gem: wa ya yi shi, kuma da me yake ci?



Na san ki da lura. In kika sayo maganin tari a kemis, sai kin juya kwalbar kin duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace kafin ki ɗura wa yaro. In madara ce kin san sunan kamfaninta, kin ma san wadda ke ɓata wa autanki ciki. To gem ɗin da yaro ke bugawa a wayarki awa biyu, wani lokaci uku, wa ya yi shi? A ina kamfanin yake? Kuma tunda ba ki biya ko sisi ba wajen sauke shi, da me masu shi suke ci? A kan wannan nake so mu tattauna yau. Ki daure ki karanta har ƙasa ko da sunayen Turawa sun yi miki yawa, domin akwai sunan gida a tsakiyarsu.

Ba duk gem ne ɗaya ba. Akwai na ƙwallo, wanda shi ya cika shagunan gem na Samaru da Sabon Gari. Akwai na harbe-harbe, inda yaro ke gudu da bindiga a hannu. Wanda nake magana a kai shi ne na dabarun yaƙi da mulki. A cikinsa yaro sarki ne ko kwamanda. Yana kallon taswira daga sama, ya kafa gari, ya sa a yi noma, ya tara dukiya, ya gina ganuwa, sannan ya zaɓi wanda zai yi sulhu da shi da wanda zai kai wa hari. In kin taɓa tsayawa kallon dattawa suna dara a gindin bishiya, ramuka 30, kowa da 'ya'yansa 12, kowa na lissafin abin da abokin karawarsa zai yi nan gaba, to kin riga kin san tushen abin. Sojoji ma sun daɗe da shi. Tun a 1824 wani hafsan sojan Farusiya, a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, rundunar ja da rundunar shuɗi, suka karɓe shi ya zama hanyar horar da hafsoshi. Daga teburin sojoji ya koma kwali, daga kwali ya shiga kwamfuta, yau ga shi a aljihun ɗanki.

Mu da ke zaune a Basawa, wasan soja ba baƙo ba ne a wurin yara. Ga bariki a kusa, ga Daffo inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Yaro na fara tafiya zai fara fareti da bindigar kara. Don haka ban yi mamaki ba da babban ɗana, wanda kin san ba zan kira sunansa ba, ya karkata ga irin wannan gem ɗin. Shekarunsa 13. Mamakin ya zo ne daga wani wuri dabam.

Ƙanena da ke karatu a ABU yakan zo mana ƙarshen mako da kwamfutarsa, su rufe kansu a ɗakin samari. Wata Asabar na dawo daga aikin dare, ina ƙoƙarin kwanciya, sai na ji muryoyi daga ɗakin suna amsa umarni da Hausa. Na ɗauka fim suke kallo. Da na leƙa sai na ga mahaya dawaki sanye da lifidi suna sukuwa a allon kwamfuta, ga shanu, ga fada. Sunan wasan Age of Empires III, na kamfanin Microsoft. A watan Agustan 2021 suka ƙara masa wani sashe da ya kawo al'ummomin Afirka biyu, Habashawa da Hausawa. Babban birnin Hausawa a ciki Kano ne, jagorarsu kuwa Sarauniya Amina. Har mayaƙi akwai da suka sa wa suna Maigadi, akwai kuma wani yaƙi da suka gina a kan jihadin Shehu Usmanu na 1804.

Ƙanen nawa ya ce, "Anti, ai ba ki ga komai ba." Ya buɗe YouTube ya nuna min bidiyon wani wasan, Civilization VII, wanda ya fito ranar 11 ga Fabrairun 2025. Ga Amina nan tsaye, an zana ta tana motsi, tana magana da Hausa, an jera ta cikin shugabannin da mai wasa zai zaɓa, sahu ɗaya da su Napoleon da Augustus na Rum da Hatshepsut ta Masar. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye miki ba. Ni da na san Amina Hall a jami'a, na san Queen Amina College a Kaduna, nake wuce ganuwa ta Ƙofar Doka ko ɗaga kai ba na yi, ga shi wasu mutane a wata uwa duniya sun zauna sun biya mai zane da mai murya don su tsayar da ita.

Barcin da ban yi ba ke nan. Na ɗauki waya na shiga neman su wane ne.

Bari in kawo miki shi kusa. Mu Zazzagawa mun san harkar wallafa. Kamfanin Gaskiya yana Tukur-Tukur tun 1945, ga kuma NNPC, ta littattafai nake nufi ba ta mai ba, tun 1966. Marubuci ya rubuta, kamfani ya buga, ya sa farashi, ya kai kasuwa. Haka gem yake. Akwai masu ƙirƙira, akwai mawallafi. Masu ƙirƙirar Civilization sunansu Firaxis, suna jihar Maryland a Amurka, kuma mutumin da ya fara wasan a 1991, Sid Meier, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin a 1996. Mawallafin kuwa 2K ne, a jihar Kalifoniya. Shi ke zuba jari, shi ke talla, shi ke da ta-cewa kan farashi da ranar fitarwa. In yaronki yana buga gem ɗin kokawar WWE a shago, ya san tambarin 2K ko da ke ba ki sani ba. Shi ma 2K yana da uwar ɗaki, wani katafaren kamfani a New York mai suna Take-Two, wanda ya sayi haƙƙin mallakar Civilization a 2004 kan dala miliyan 22.3, ya kuma sayi Firaxis ɗin kansa a 2005. Ki riƙe sunan Take-Two, za mu dawo kansa.

Yanzu me suka yi da Amina? A cikin wasan, duk wanda ya zaɓe ta biranensa kan iya riƙe kayan fatauci fiye da na sauran, kuma kayan na kawo masa zinariya. A nan sun yi karatu, domin Zazzau ta da tana kan hanyar fatake, tsakanin ƙasashen kudu da sauran biranen Hausa. Sojojinta kuma suna ƙara ƙarfi in ana yaƙi a fili ko a hamada. Filin na yarda, amma hamada a Zariya? Su zo cikin Agusta su ga Kubanni ta cika, su ga masara ta rufe hanyar Bomo. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, lokacin da wasan ya fito babu Hausawa a jerin al'ummomin da ake iya mulka. Tsarinsa ya raba shugaba da ƙasa, kowane shugaba na iya jan kowace al'umma. Sai ka ga Amina tana mulkin Aksum ta Habasha, ko Songhai, ko Buganda ta ƙasar Yuganda, kai har Rum in yaro ya ga dama. An gayyaci amarya an bar danginta a waje.

Akwai na uku, Europa Universalis IV, na wani kamfanin Suwidin mai suna Paradox, wanda ya fito a 2013. Shi taswirar duniya ce ta shekarar 1444, kuma a cikinta akwai Kano da Katsina da Zazzau, kowace ƙasa ce mai cin gashin kanta da mutum zai iya ɗauka ya mulka. Wannan ya fi ƙarfin ƙananan yara, lissafinsa da Turancinsa sun yi yawa.

Zuciyata ta rabu biyu a kan wannan al'amari, kuma har yau ba ta haɗe ba. Ɓangare ɗaya na murna. Yaron da sai an yi da gaske yake buɗe littafin tarihi, shi ne ya zo kicin yana tambayata, "Umma, wai da gaske Amina ta yi shekara 34 tana yaƙi? A wace shekara?" Muka nema tare. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da bayi 40 da goro 10,000. Wasu masana kuma sun ce ta hau mulki ne wajen 1576, bayan rasuwar ɗan'uwanta Karama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Yaron ya tsaya yana kallona, ya ce to wanne ne daidai? Na ce masa malaman tarihi ma suna kan muhawarar. Ranar ya fara gane cewa abin da ke rubuce ma ana iya tuhumarsa, kuma wannan darasi ya fi min kowace nasara da zai ci a allon kwamfuta.

Ɗaya ɓangaren kuma ba ya murna. Ki sake duba lissafin kyautar Sarkin Nupe: goro, da mutane. A gem, in aka ci gari sai tuta ta canza launi, lamba ta ƙaru. Ba a nuna uwar da aka raba da ɗanta. Ni kuwa aikina ya sa na san yadda raunin harsashi yake, na wanke shi, na ɗaure shi, na tsaya a kan wanda ba a kawo da wuri ba. Mu da ke jihar Kaduna a shekarun nan ba sai an yi mana bayanin abin da hari kan gari yake nufi ba. Kamfani ba zai saka wannan a wasa ba, don ba wanda zai sayi baƙin ciki. Ke ce za ki faɗa wa yaron. Ba wa'azi nake nufi ba. Tambaya ɗaya ta isa, kamar, "Mutanen garin nan da ka ci, ina suka tafi?"

Ki kuma san cewa irin waɗannan wasanni suna taɓa addini. A Civilization akwai matakin da mai wasa ke zaɓar addini daga jeri, har da Musulunci, ya tura masu yaɗa shi don ya samu maki. A wurin masu wasan wata dabara ce kamar noma ko kasuwanci. Gara ki sani tun yanzu, ki zauna da yaron ko ki haɗa shi da babansa ko malaminsa su yi maganar, da ki ji ta daga sama.

Wani abu da na ci karo da shi ya ba ni sha'awa. A 2018 kamfanin ya saka wani sarkin 'yan asalin Kanada mai suna Poundmaker a Civilization VI. Sai wani jagoran al'ummar ya fito fili ya ce ba a tuntuɓe su ba, kuma wasan da ya ginu a kan mamaye ƙasar wasu bai dace da ɗabi'ar kakansu ba. Da aka zo Civilization VII, kafin a saka Tecumseh, jagoran ƙabilar Shawnee ta Amurka, sai da kamfanin ya je ya zauna da shugabanninsu, aka yi aikin tare, aka kuma tallafa wa shirinsu na raya harshensu. Ashe in masu abu suka yi magana ana ji. Mu muna da Sashen Tarihi a ABU, muna da Arewa House a Kaduna, muna da fadar Zazzau. Muna kuma da yara masu karanta ilimin kwamfuta a Samaru da ke iya koyon sana'ar kanta. A Legas akwai Maliyo Games da ke yin gem na waya tun 2012, a Kamaru akwai Kiro'o Games. Ban ga dalilin da zai hana wata rana gem ɗin Turunku da Kufena ya fito daga hannun ɗan Hayin Dogo ba.

To, mu koma kan kuɗi, domin nan ne abin ya fi shafar jakarki.

Civilization VII ya fito a kan dala 70. A canjin lokacin ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Ga shi yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi ko PS. Shi ya sa yawancin yaranmu a bidiyo kawai suke ganinsa. Tsada gare shi, amma cinikin a fili yake: ka biya, ka ɗauka. In kamfanin ya fitar da ƙarin shugabanni ko ƙasashe, kamar yadda Microsoft ta sayar da sashen Hausawa dabam, za a rubuta farashi, in ka so ka saya.

Wanda ke wayarki ba haka yake ba. Shi kyauta ake sauke shi, kuma kin san banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗauki wanda ya fi shahara a irinsa, Clash of Clans, na kamfanin Supercell da ke Helsinki a ƙasar Finlan. Ya fito a 2012, kyauta. A 2016 kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya jagoranci sayen mafi yawan hannun jarin Supercell kan dala biliyan 8.6. Mai ba da kaya kyauta, ina ya samo wannan daraja? Daga jira. A irin waɗannan wasanni, da farko gini na ƙarewa cikin daƙiƙu, yaro ya ji daɗi. Yana yin nisa sai ginin ya koma awanni, sannan kwanaki. A gefe kuma ga maɓalli: in ba ka son jira, biya da duwatsu masu daraja. Duwatsun ana tsintar kaɗan a cikin wasa, amma in ana son da yawa sai da kuɗin gaske. Tunda an mayar da naira dutse, yaro ba ya jin cewa kuɗi yake kashewa. Wasu wasannin kuma da talla suke ci, kowane minti kaɗan a tsayar da yaro ya kalli talla, datarki na ƙonewa, kuma ba ki da iko da abin da za a nuna masa. Akwai masu sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san me ke ciki ba sai ka buɗe. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan a 2018 ta ce caca ce. Mu ba ma bukatar Beljiyam ta gaya mana hukuncin caca.

Kin tuna Take-Two? Shi ne kuma mai Rockstar, masu yin GTA, wannan na satar mota da aka yi wa manya amma yara ke bugawa a shaguna. A 2022 ya sayi Zynga, babban kamfanin gem na waya, kan dala biliyan 12.7. Gida ɗaya ke nan ke sayar da wasan tarihi, da wasan ta'asa, da wasan kyauta mai tatsa a hankali. Ban faɗi wannan don in zage su ba, 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa inda riba take nan yake kafa rumfa. Na faɗa ne don kada ganin Amina ya sa mu ɗauka don ƙaunarmu aka yi, kada kuma ganin GTA ya sa mu yi wa duk gem kuɗin goro.

Wata maƙwabciyata, mai sayar da atamfa ta WhatsApp, ta shigo min wata safiya idonta jawur. Alat ne ke ta shigowa cikin dare, dubu biyu, dubu huɗu, dubu biyu, har kuɗin wata kwastoma ya tafi. Ta ɗauka 'yan damfara ne, har ta shirya zuwa banki. Ashe ta taɓa saka katinta a wayar don biyan wani abu, katin ya zauna. Ɗanta mai shekara 10 yana buga wani gem na gina masarauta, ba zan kira sunansa ba don irinsa sun fi a ƙirga, yana ta danna maɓallin zinariya. Da aka tsare shi ya fashe da kuka, ya rantse shi bai taɓa kuɗin kowa ba. Kuma a saninsa gaskiya ya faɗa. Wannan ba a kanta farau ba. A Amurka, hukumar kare masu saye ta sa Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 a 2014 saboda sayayyar da yara suka yi ba da izini ba, Google ma dala miliyan 19 a wannan shekarar. A ƙarshen 2022 kamfanin Epic, masu Fortnite, ya amince da biyan dala miliyan 520, daga ciki 245 na mayar wa masu saye ne. Su can suna da hukumar da ta kai ƙara. Ke a nan, rigakafin ya fi sauƙi: ki shiga saitin Play Store, ki nemi wurin tabbatar da saye, ki sa ya riƙa neman lambar sirri ko yatsanki kowane lokaci. In ba dole ba, ki cire katin gaba ɗaya. Akwai kuma manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, tana ba ki damar sa wa wayar yaro lokacin rufewa.

Sai kuma abin da ya fi kuɗi, wato barci. Masu buga Civilization suna da wani barkwanci a tsakaninsu na cewa "saura taku ɗaya in tashi," har asuba ta yi. Wasan dabara ba shi da busa ta ƙarshe kamar ƙwallo, kullum akwai ginin da ya kusa ƙarewa. Na waya kuma har kira yake, ya turo saƙo cewa an kai wa garinka hari. A wurin aiki ina ganin iyaye suna kawo yaro da ciwon kai, da kasala, da faɗan da ba dalili, malamai na ƙorafin yana gyangyaɗi a aji. Dole a duba zazzaɓin cizon sauro, a duba jini, a duba ido, kada a tsallake wannan. Amma in komai ya fito lafiya nakan tambaya, "A ina waya ke kwana?" Sau da yawa sai uwa da ɗa su kalli juna. Likitocin barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ki lissafa da kanki: wanda zai tashi sallar asuba, ya yi shirin boko, ya dawo ya wuce Islamiyya, ƙarfe nawa ya kamata ya kwanta?

Kada kuma ki firgita. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka kamuwa da gem a kundin cututtuka, ya fara aiki a Janairun 2022, amma ta yi bayani cewa kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Alamomin su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a saba sai abin ya kai wata 12 kafin a kira shi cuta. Yaron da ya yi fushi don an karɓe waya, bayan rabin awa ya fita ƙwallo, ba mara lafiya ba ne. Wanda ya daina wanka, ya daina fita, sallah ta fara wuce shi, yana ƙarya ko ɗaukar kuɗi saboda wasa, shi ne za ki kai wa likita, kuma ki kai shi da tausayi.

A gidana, abin da muka daidaita a kai da Abbansu ba shi da yawa. Waya a ɗakina take kwana, nan ake cajinta, ko ina aikin dare ko ba na yi. Ba a sauke sabon gem sai na gani, kuma kafin in gani yaron zai kawo min amsa biyu: wane kamfani ne ya yi shi, kuma ta ina yake samun kuɗi. Farko ya ɗauka wasa nake. Yanzu da kansa yake zuwa ya ce, "Umma, wannan na talla ne, wancan kuma na jira ne." Ranar nan na ji yana yi wa ƙanwarsa bayanin dalilin da ya sa zinariyar wasanta ke ƙarewa daidai lokacin da ya fi daɗi. Ina kuma duba shekarun da aka rubuta a jiki. Civilization VII a tsarin Turai na 'yan 12 ne zuwa sama. Abu na ƙarshe da nake sa wa ido shi ne hira. Yawancin wasannin waya suna haɗa yara ƙungiya-ƙungiya da mutanen da ba su sani ba, manya da yara, daga ko'ina. Dokarmu ita ce ba suna na gaskiya, ba hoto, ba sunan makaranta ko unguwa, kuma ba a bin kowa zuwa WhatsApp.

In ƙanena ya zo da kwamfuta, ina barinsu su buga na tarihin, da rana, a falo, kiran sallah kuma ya tsayar da kowane yaƙi. Wani lokaci nakan zauna in kalla ina gyaran wake. Ni dai har yanzu shanun ne ke burge ni.

Hutun da ya wuce muka hau Keke zuwa cikin birni, na tsayar da su a Ƙofar Gayan suka taɓa abin da ya rage na ganuwa da hannunsu. Ruwan sama ya ci wani wuri, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gidaje sun hau wani. Yaron ya yi shiru, sannan ya tambaye ni mutum nawa aka sa suka yi ta, kuma wa ya ciyar da su. Daga nan muka tsaya muka hango dutsen Kufena. Yanzu ya matsa sai mun je Turunku, a ƙaramar hukumar Igabi, inda aka ce nan Bakwa Turunku ta zauna kafin a dawo Zariya. In akwai wadda ta je kwanan nan a cikinku, don Allah ta rubuto min a ƙasa yadda hanyar take da kuma ko ana zuwa da yara. Ki kuma rubuto sunan gem ɗin da ke wayarki yanzu, mu duba masu shi tare.